Hajjin Malam Gado

Zangon Audi, arewa da Makwar
9 ga Rajab

Yahya ɗan ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ni dai gwiwoyi ne, su kuwa ka san su tun kana nan. Khairiyya da yaranta lafiya lau. An sako ruwa a tur'a, magudanar ban-ruwan gonaki, makon jiya, alkama ta tashi da kyau.

Wata huɗu ke nan da tafiyarka Jidda, abin da nake samu daga gare ka muryarka ce a wayar Khairiyya, Gwaggo lafiya, Gwaggo lafiya, kamar wanda ake kora. Ni ba na jin magana a haka. Na rubuta wannan da hannuna, da ajamin da Malam ya koya mana ni da ubanka, ɗiyar tawa Khairiyya za ta ɗauki hotonta ta aiko maka. Kai ma ka nemi takarda ka zauna ka ba ni labari yadda ya kamata.

Ka san zancen da zan yi, amma zan maimaita, don ku yaran yanzu sai an maimaita. Kakanka Malam Gado ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar hajji, ni a hanya aka haife ni. Da guzuri ya ƙare ya tsaya nan Sudan tsinkar auduga, ya ce shekara ɗaya zai yi. Shekara ashirin da biyu yana cewa baɗi. Bai taɓa yarda an yi masa ɗakin bulo ba, wai shi matafiyi ne. Ranar da zai rasu ya riƙe hannuna da na ubanka, ya ce wani daga jininsa ya ƙarasa masa. Ubanka ya bi shi bai ƙarasa ba. Ni ga tsufa ga babu. Kai ne na farko a cikinmu da ya haye teku.

Na tambayi liman, ya ce ba a yi wa wani hajji sai mutum ya sauke nasa tukuna. To bana naka, baɗi na Malam. Na faɗa wa gwiwoyina su yi haƙuri shekara biyu, bayan nan su yi abin da suka ga dama.

Allah ya tsare ka a ƙasar mutane.
Gwaggonka, Indo

Daga Khairiyya: Taubashi, an ce ka yi ƙiba har da tumbi. Ban yarda ba sai na ga hoto.

Jidda
2 ga Ramadan

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Na ga rubutunki, na karanta sau uku, na ji kamar ina zaune a gefen gadonki na angarib kina yi mani faɗa. Ina lafiya. Ki gaida Yaya Khairiyya, ki ce mata tumbin yana hanya, a kwastan aka riƙe shi.

Kin ce in ba ki labari, to ga shi. Muna zaune a bayan gari, a gidan ma'aikata, mu goma sha biyu a ɗaki, gado a kan gado. Akwai 'yan Bangaladash, 'yan Pakistan, mu biyu daga Sudan. Mota tana ɗaukarmu bayan asuba ta kai mu wani katafaren gidan kasuwa, nan nake shara da goge-goge har la'asar. Wurin sanyi ƙalau, ƙasan kamar madubi. Muna da ƙofarmu ta baya, da banɗakinmu daban. Babu mai zaginka, Gwaggo, ba a dai ganinka ne. Wanda yake son a goge masa wani wuri sai ya ce "ya Muhammad" yana kallon wayarsa, dukanmu sunanmu ke nan. Aiki iri ɗaya, amma albashi da launin fasfo ake yanka shi. Fasfon ma yana hannun kamfani tun ranar da na sauka. Ran Juma'a nake tuƙa tuwon asida da 'yar waika, busasshiyar kuɓewar da kika ƙulla mani, ina yi mata rowa kamar magani.

Akwai abin da ya tsaya mani a rai. Mai kula da mu sunansa Ayman, a katin ƙirjinsa an rubuta Alhausawi. Baƙi ne kamar ni, in kika gan shi sai ki rantse ɗan gidan liman ne. Kakansa ma daga ƙasar Hausa ya taso, sai dai shi ya iso. Ɗan ƙasa ne yanzu, da gidansa da motarsa. Murna ta ɗebe ni na gaishe shi da Hausa a gaban mutane, ya amsa mani da Larabci a daƙile. Daga baya ya ja ni gefe ya ce kakarsa tana jin yaren, shi sannu kaɗai ya sani, kuma kada in sake a gaban ma'aikata. Ba mugu ba ne. Amma na yi kwanaki ina tunanin cewa da Malam ya sami kuɗin jirgin ruwa, da wataƙila ni ne mai katin.

Yanzu ga mai daɗin. Na yi umra ranar hutuna. Gwaggo, na ga Ka'aba da idona. Ina shiga na tsaya cak, mutane suna ture ni, na kasa ko addu'a sai kuka. Hajji kuma ba haka yake ba. Ko kana zaune a ƙasar sai da takardar izini, tasrihi, kuɗinta ya fi ƙarfina nesa, sai kamfani ya sa hannu, kuma lokacin ne ba a ba kowa hutu. Na ba Ayman labarin Malam tun daga farko. Ya ce zai duba abin da zai iya yi mani. Ina sa rai, ke ma ki sa mu a addu'a.

Ɗanki, Yahya

Zangon Audi
20 ga Zulhajji

Alhaji Yahya,

Assalamu alaikum. Ka ga yadda na fara. Na rubuta sunan na tsaya ina kallonsa har tawada ta bushe. Muna lafiya, gwiwoyin ma sun ji labari sun yi sauƙi.

Ranar Sallah da hantsi Khairiyya ta shigo da gudu, mace mai 'ya'ya biyar, ɗankwali a hannu. Ta miƙo mani wayar. Ga ka nan, farin haramin a kafaɗa, rana ta ƙona ka, ga dutsen Arfa a bayanka fari fat da mutane. Ko kalma ɗaya ba ka rubuta a ƙasa ba, kuma ba ka buƙata. Ni da na ce ba na guɗa tun rasuwar ubanka, sai ga ni na rangaɗa ta har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Tunkiyar nan da nake ta kiwo, na sa an yanka ta washegari. An yi wainar kisra, an yi shayi da gahawar jabana, duk Zango sai da ya ci. Liman ya yi addu'a ya ambaci sunanka da na Malam. Tsofaffin da suka san shi, saura mu uku, muka zauna muna kallon juna. Da la'asar na sa Khairiyya ta raka ni maƙabarta, na zauna a gefen Malam na ce masa jikansa ya tsaya a Arfa, saura shekara ɗaya a yi nasa. Ban taɓa tashi daga wurin da sauƙin zuciya irin na ranar ba.

Labarin nan kuwa ba daɗi. Faɗan Khartum ya koro mutane, makarantar yara ta cika da su, har da waɗanda a da ba sa amsa gaisuwarmu in mun je birni. Muna kai musu abin da ya samu. Nan dai shiru, Allah ya ɗorar.

Ka rubuto mani komai. Yaya Mina take, me ka roƙa, ina ka tsaya, wa ya aske maka kai. Kada ka tsallake ko ɗaya.

Gwaggonka, Indo

Daga Khairiyya: Alhaji ko ba Alhaji ba, ni dai taubashina ne. Ina tumbin? Wuyanka kamar na zakara.

Zangon Audi
14 ga Jimada Sani

Yahya,

Assalamu alaikum. Muna raye. Ban san yadda kake ba, don ba ka faɗa.

Wata shida ina jiran takardarka. Ka koma lafiya, lafiya a waya, in Khairiyya ta ce ga Gwaggo sai ka ce aiki ya taso. Na juya abin ta ko'ina. Ko ka zama Alhaji ne takardar tsohuwa ta yi maka ƙanƙanta? Ko zama da masu kati a ƙirji ya sa kai ma Hausar ta fara yi maka nauyi a baki? In haka ne ka faɗa mani in sani. Ni na yi maka wanka ranar da aka haife ka, ba a yi mani irin wannan.

Ka ji birnin Madani ya faɗa hannun mayaƙa. Masu bindiga sun zo mana sau biyu a kan babura. Sun tafi da taraktan gonakin hawasha da buhunan dawa, sun doki liman a gaban masallaci don ya tambaye su dalili. Ba a sako ruwa ba, alkamar bana ta mutu a tsaye. Rabin Zango ya tashi. Mijin Khairiyya ya kwashi yara ya kai su Dinder wurin 'yan'uwansa, ita ta ƙi bin su saboda ni, kullum sai mun yi faɗa da ita a kan wannan.

Na ce mata ba inda za ni. Saura wata shida. Ranar Arfa, lokacin da kake tsaye can da sunan Malam, ina so in kasance zaune a gefensa in faɗa masa da bakina cewa an ƙarasa. Shekara hamsin da wani abu nake jiran in faɗi kalmar nan, ba zan faɗe ta daga wani gari ba. Bayan nan su ɗora ni a kan duk abin da suka samu.

Kai dai ka fara neman takardar tun yanzu, kada a zo ana cewa lokaci ya ƙure.

Indo

Daga Khairiyya: Yahya, yau ba wasa. Kai kaɗai take ji. Ka ce mata ta tashi.

Jidda
10 ga Rajab

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya. Na ga takardarki, kwana uku ban iya cin abinci ba. Ba girman kai ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ban yi hajji ba, Gwaggo.

Abin da Ayman ya iya yi mani shi ne ya sa sunana cikin ma'aikatan da kamfani ke turawa sharar filin Arfa. Ya kira ni yana murna, ya ce mutane da yawa sun nema, ni ya zaɓa saboda labarin kakana. A ganinsa alheri ya yi mani, kuma ban iya ce masa komai ba sai godiya. Kafin mu tafi aka sa mu dangwala hannu a takarda cewa aiki muka je yi, duk wanda aka kama ya ɗaura harami za a kore shi daga ƙasar. Na dangwala.

Ranar Arfa ina wurin tun safe har faɗuwar rana, cikin rigar aiki, da tsintsiya da baƙar leda. Robobin ruwa nake tsinta a tsakanin ƙafafun mutane. Kowa hannunsa a sama yana kuka, ni idona a ƙasa. Ɓangaren da aka ba ni na manyan baƙi ne, tantuna masu na'urar sanyi, ana shiga da tire-tiren abinci ana fitowa da su an ɗan taɓa kawai, ni ke zubarwa. Daga bayan shinge kuma tsofaffi ne kwance a kan kwali, rana tana cin su. Wani dattijo ya ji ina magana ni kaɗai, ya ce yaro kai Bahaushe ne? Daga Gwadabawa ya zo. Na ba shi ruwana, ya sa mani albarka, ya ce Allah ya kawo ni ni ma wata shekara. Ina tsaye a gabansa ya faɗi haka, kuma gaskiyarsa ne.

Farin da kika gani tawul ne na jiƙa na yafa saboda zafi, rigar aikin tana ƙarƙashinsa. Na ɗauki hoton don ki ga dutsen. Na yi niyyar in rubuta bayani a ƙasa, na rubuta na goge, na rubuta na goge, sai na tura shi haka na ce gobe. Kafin gobe Yaya Khairiyya ta turo mani guɗarki. Na saurare ta a bayan motar shara, na san na makara. Da takardarki ta zo da zancen tunkiya da maƙabarta, sai na rasa ta inda zan fara. Na yi ta cewa zan sami tasrihi in gyara kafin ki sani. Ba zan samu ba, na nema ta kowace ƙofa. Ko na samu bana, nawa ne, ba na Malam ba.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Yini guda na yi a wurin da Malam ya mutu yana nema, ban ambaci sunansa ba ko sau ɗaya. Na ji kamar ban isa in ɗaga hannu a cikinsu ba da ledar shara a hannuna.

Ki yi fushi da ni yadda kika ga dama, na cancanta. Amma babu abin da za ki faɗa wa Malam ranar Arfa ta bana. Don Allah, don darajar iyayenki, ki bi Yaya Khairiyya ku tashi. Kada ki zauna saboda ƙaryata.

Ki yafe mani.
Yahya

Dinder
6 ga Zulƙida

Yahya,

Assalamu alaikum. Khairiyya ce. Ni da yara da babansu muna lafiya, muna ɗaki ɗaya a gidan yayarsa. Inna ta rasu, yau kwana goma sha tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kana ta kira ba ka samu, shi ya sa na zauna in rubuta maka komai yadda ya faru, don ita haka take so a yi magana.

Takardarka ba ta iso ba sai ƙarshen azumi. Layin waya ya mutu gaba ɗaya tun farkon Rajab. Sai da na je Makwar neman maganin gwiwarta na sami wani mai na'ura a kasuwa, ana biya a kama saƙo, nan ta shigo. Na karanta a tsaye. A hanyar komawa na yi ta shawarar in ɓoye, amma na ga ita kaɗai ce za ta tashe ta.

Da kanta ta karanta, wayar a bakin hancinta, ina matsa mata rubutun. Ta kai ƙarshe ta ce in mayar farko. Da ta gama na biyu ta miƙo mani wayar, ta daɗe tana kallon ƙofa. Ina jiran faɗa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaron nan ya sha rana." Sannan ta ce in ɗaure kaya.

Bayan Sallah aka sami babbar mota da za ta kwashi sauran mutanen Zango. Mai motar ya ce da an idar da asuba zai tashi, ba ya jiran kowa, don hanya ba ta da tabbas in rana ta ɗaga. Mun fito da kaya, sai Inna ta juya wajen tur'a, hanyar maƙabarta. Ta ce ta je ta faɗa wa Malam magana ba daidai ba, ba za ta bar gari ba sai ta je ta janye. Na roƙe ta, na yi kuka, na ce Allah ya san ba da gangan ta yi ba. Ta ce Allah ya sani, Malam ne bai sani ba. Ka san nisan maƙabarta, ka san gwiwoyinta. Na riƙe ta muka tafi. Ta zauna a gefensa ta ce in matsa, don haka ban ji abin da ta faɗa ba. Muna dawowa muka tarar da sawun taya.

Bayan kwana biyu muka sami amalanken jaki. Zafin bana ban taɓa ganin irinsa ba. Mun haye gadar Makwar lafiya, washegari ta daina karɓar ruwa. Na ɗora kanta a cinyata ina yi mata inuwa da mayafina. Wajen azahar ta buɗe ido ta ba ni saƙonka, na kuma riƙe shi yadda ta faɗa. Ta ce, "Ki ce wa Yahya na sauke masa. In Allah ya ba shi, ya yi nasa shi kaɗai. In tsintsiya suka sake ba shi, ya karɓa, ya ɗaga hannunsa a wurin, ba wanda ya fi shi." Ba ta ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

Ita ta yafe maka. Ni ina fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Da ka rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin hoton nan, da tun watan da mijina ya tafi da yara muna Dinder. Ina kuma jin tausayinka, don na san yadda za ka ɗauki wannan kai kaɗai a ɗakin mutum goma sha biyu. Duka biyun suna raina, ban san wanda zai riga fita ba. Kada ka ce za ka taho, babu gidan da za ka tarar. Ka riƙe aikinka.

Na san za ka tambaye ni inda take. Mutanen wani ƙauye a bakin hanya ne suka taimake ni, Allah ya saka musu. Matansu suka yi mata wanka tare da ni, mazansu suka yi mata salla suka binne ta a gefen nasu. Ba su san mu ba, ba su tambaye mu ko mu su wane ne ba. Mai amalanke yana ta gaggawa saboda hanya, ban ko zauna ba muka wuce. Na tambayi wani dattijo sunan ƙauyen, ya faɗa mani, na yi ta maimaitawa a hanya. Da muka iso Dinder na neme shi a kaina na rasa, har yau bai dawo mani ba.

'Yar'uwarka, Khairiyya